Wayar da ke mutuwa kafin a tashi aiki

Ƙanwata ta samu aiki a sashen adana takardu na wata ma'aikata, kuma ɗakin da aka ajiye ta a ƙarƙashin ƙasa yake, sai an sauka matakala goma sha wani abu kafin a kai shi. Ba ta yi sati biyu da farawa ba ta soma kukan wayarta. Waya ce Android wadda ba ta cika shekara a hannunta ba, mai batir 5000 mAh, wadda a da take cirewa daga caji da safe ta wuni da ita har ta kwanta da saura. Yanzu kuwa sai ta shiga ofis ƙarfe takwas da caji sama da kashi 90, kafin ƙarfe uku na rana alamar batir ta yi ja, kafin ta iso gida wayar ta ɗauke.

Da farko na ɗauka ƙorafi ne irin na kowa, don ba a rasa mai kukan caji. Abin ya wuce nan ne ranar da makarantar su ɗanta suka yi ta nemanta, zazzaɓi ya rufe yaron, duk kiran da aka yi sai a ji wayar a kashe. Ni aka samu, na je na ɗauko shi. Da ta dawo da yamma ta tarar da shi kwance a ɗakina, sai ta zauna bakin gado ta riƙe hannunsa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Yaya, da ba ka kusa fa?" Ban manta yadda muryarta ta yi ba, shi ya sa na bi wannan lamari har ƙarshensa.

Washegari ta kai wayar wurin mai gyara, ya ce batir ne ya gaji, aka cire aka sa sabo. Aka zuba ido kwana uku, ba abin da ya sauya. Ban ga laifin mai gyaran sosai ba. An kawo masa waya an ce ba ta riƙe caji, a kan teburinsa kuma sabis cike yake, cutar ba za ta nuna kanta a wurin ba. Tambayar da ta kamata a yi, wadda ni ma ban yi ba sai daga baya, ita ce: a ina take shan cajin?

Amsar a hira ta fito. Ta ce abin da ke ɗaure mata kai, duk ranar da ba ta je aiki ba wayar lafiyarta ƙalau. A gida ba ta da waifai, da datar layinta take yin komai, kuma a ranakun hutu ne ma ta fi kallon bidiyo. Muka duba lissafin datarta, sai ga shi ranar Asabar ta ci fiye da ninki uku na abin da take ci a ranar aiki, amma ta kwanta da ragowar caji mai yawa. Nan take zato biyu suka rushe. Batir mai ciwo bai san ranar hutu ba, kullum zai nuna ciwonsa. Kuma da yawan megabait ne ke zuƙe caji, da Asabar ce za ta fi kashe wayar.

Gwajin kwana huɗu

Na roƙe ta ta yi mini haƙurin kwana huɗu. Ta ba makaranta lambar wayar tebur ta ofishinsu don kada a sake maimaita abin da ya faru. Sharaɗin shi ne, daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu ta ajiye wayar a inda ta saba ajiyewa, ta rubuta kashin caji a farko da ƙarshe.

Ranar farko ta sa wayar a yanayin jirgin sama, wanda ke kashe duk rediyon da ke cikinta, wato sassan da ke aikawa da karɓar sigina. Awa huɗu, kashi 2 suka tafi. Da wannan kaɗai batir ya wanke kansa. Rana ta biyu ta bar layukanta biyu a kunne, ta kashe data kawai: kashi 12. Wannan ne ya fi ba ta mamaki, don a tunaninta da an kashe data waya ta huta. A gaskiya kashe data yana rufe hanyar intanet ne kurum, rediyon kansa yana nan a farke yana jiran kira da saƙon tes, yana kuma neman sabis in ya rasa. Rana ta uku ta kunna data ba ta taɓa wayar ba: kashi 26. Rana ta huɗu ta yi yadda ta saba, wato ta sa iyafis tana sauraren shirye-shirye ta intanet yayin da take jera fayil, tana kuma ɗaukar hoton takardu tana tura wa na sama in sun nema. Kashi 41.

Waya ɗaya ce, kuma kowane gwaji rana ɗaya aka yi shi, amma tazarar da ke tsakanin 2 da 26, a wayar da ba a ko taɓa ba, ta fi ƙarfin a ce kuskuren awo ne.

A rana ta uku ne ta faɗi wata magana a kan hanya wadda ta tsaya mini. Ta ce da ta buɗe durowa za ta duba, ta ji bayan wayar da ɗumi, daga sama, wajen kyamara. Na ce, wace durowa? Ashe saboda tsoron ɓacewa, a durowar teburinta ta ƙarfe take saka wayar ta rufe. Tun 1836 masanin kimiyya Michael Faraday ya nuna cewa keji na ƙarfe yana tare wutar da ke wajensa, kuma a kan wannan ka'ida ne akwatin ƙarfe ke raunana igiyar rediyo. Durowar ba a rufe take ruf ba, akwai 'yan kafofi, don haka sabis ɗin bai ɗauke gaba ɗaya ba. Yana zuwa yana tafiya, wanda kuwa shi ne mafi muni ga batir.

Lambar da ke bayan sandunan sabis

Na je wurinta lokacin hutun rana don in gani da idona. Sandunan sabis da ke saman fuskar waya ba ma'auni ne na dogaro ba, kowane kamfanin waya da yadda yake lissafa nasa, sanda biyu a wannan waya za ta iya zama uku a waccan. Ainihin ma'aunin yana cikin saitin: a yawancin wayoyin Android in aka shiga shafin bayanin waya, aka buɗe matsayin sim, za a ga ƙarfin sabis da lamba mai alamar ragi a gabanta, da harufan dBm a bayanta. A iPhone ana danna *3001#12345#* a wurin kira sai shafin awon ya buɗe. A kan 4G lambar tana tsakanin -44 da -140 ne. Duk yadda ta kusanci sifili, haka sabis ya fi ƙarfi. Wajen -80 abu ya yi kyau, da an gangara ƙasa da -110 kuwa an shiga wahala.

A bakin ƙofar shiga ginin wayarta ta nuna -84. A saman matakala -96. A kan teburinta -109. Na sa ta a durowa na bar 'yar kafa ina leƙawa, na ga ta sauka -117, ta ɗan tsaya, sai alamar 4G ta koma 3G, bayan ɗan lokaci ta sake dawowa.

Wanda bai san ma'aunin ba zai ce tsakanin 84 da 117 ai ba wani abu ba ne. Amma lissafin na ninki ne: duk saukar maki 3 ƙarfin ya ragu da rabi, duk saukar maki 10 ya koma kashi ɗaya cikin goma. Maki 33 kenan tsakanin ƙofa da durowa, wato abin da ke isowa wayar a durowa ya gaza na bakin ƙofa kusan sau dubu biyu. Da na gaya mata haka sai ta kalli matakalar ta ce, "Yaya, 'yar wannan saukar?" Ita ɗin ce kuwa, da kankare da rodin da ke cikinsa, da ƙasar da ta kewaye ɗakin, da kabad-kabad na ƙarfe jere har silin.

Me ya sa raunin sabis ke da tsada

Waya da ƙarfen sabis hira suke yi, kowa na magana kowa na saurare. Ƙarfen sabis yana da wutar lantarki da manyan eriya, ita kuwa waya ɗan batirinta ne kawai. Saboda haka aka tsara ta riƙa magana da ƙaramar muryar da za ta isa a ji ta, kada ta ƙara ko kaɗan. Tana auna yadda muryar ƙarfen ke iso mata ta ƙiyasta nisan, shi kuma yana aiko mata da umarnin ta ɗaga ko ta sassauta. A tsarin 3G sau 1500 a cikin daƙiƙa ɗaya ake wannan gyaran. A 4G, iyakar abin da wayar hannu ta gama-gari ke fitarwa miliwat 200 ne, kuma in tana kusa da ƙarfen sabis ɗan mitsitsin kaso na wannan ya ishe ta. A durowar ƙanwata kuwa, duk sanda za ta ce uffan sai ta kai maƙura.

Miliwat 200 ba wani abu ne mai yawa ba a ido, sai dai kafin eriya ta fitar da shi, na'urar da ke ƙara wa siginar ƙarfi ta zuƙi ninkinsa daga batir, domin fiye da rabin abin da take ja zafi yake zama. Ɗumin da ta ji wajen kyamara kenan. A 2G ma abin ya fi haka, don waya kan kai wat 2 a kan mita 900 MHz, ko da yake a guntu-guntun lokaci take fitar da shi.

Amma ɗaga murya rabin labarin ne, kuma a ganina ba shi ne babban rabin ba. Babban shi ne lokaci. In sabis na da kyau, waya da ƙarfe suna amfani da salon da ke cusa bit (ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta) 6 ko 8 a kowace alamar da aka aika. In ya yi rauni sai a koma salon da ke ɗaukar bit 2 kacal, a kuma ƙara cikon gyaran kuskure a kai, kamar mai yi wa kurma magana a hankali yana nanata kowace kalma. Duk ƙunshin da ya iso a lalace kuma sai an sake aiko shi. Hoton da zai tafi cikin daƙiƙa biyu a bakin ƙofa, a teburinta na tsaya ina kallon da'irar nan tana juyawa kusan minti ɗaya, ta kai rabi ta tsaya, ta ce a sake gwadawa. Duk tsawon wannan lokaci rediyo na aiki a iyakar ƙarfinsa, fuskar wayar ma a kunne take don mai ita ta zuba ido tana jira. Ga shi kuma aikinta na turawa ne, kuma turawa ta fi saukewa cin wuta nesa ba kusa ba, domin a nan ne wayar ke magana maimakon saurare.

In aka mayar da shi lissafi: batir mai 5000 mAh a kan folt 3.85 yana ɗauke da abin da ya kai wat 19 na awa ɗaya. Duk abin da ke jan wat ɗaya ba tsayawa, cikin awa takwas ya cinye sama da kashi 40 na batirin shi kaɗai.

Wutsiya

Saura rana ta uku, wadda ba ta taɓa wayar ba amma kashi 26 suka tafi. A nan ne na fi daɗewa, don a nan ne yawancin mutane ba su san abin da ke faruwa a aljihunsu ba.

Rediyon waya yana da hali biyu. Akwai na barci, inda yake farkawa na ɗan ƙiftawar ido, sau da yawa duk bayan daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, ya saurara ko ana nemansa, ya koma. Wannan ba ya cin komai. Akwai kuma na haɗe, inda aka buɗe masa hanya da ƙarfen sabis. Da manhaja ta buƙaci aika ko da kalma ɗaya ce, dole a tashe shi a yi gaisuwar buɗe hanya. Tunda gaisuwar na ɗaukar lokaci kuma tana ɗora wa kamfani nauyi, in an gama aikawa ba a sallamarsa nan take. Ana barinsa a tsaye na wasu daƙiƙu, ko wani abu zai biyo baya. Wannan tsayuwar ce masana ke kira wutsiya.

A 2012 masu bincike daga Jami'ar Michigan da cibiyar binciken kamfanin AT&T a Amurka suka auna wutsiyar a kan wata hanyar 4G, suka same ta kusan daƙiƙa 11 da rabi, wayar da suka gwada tana jan sama da wat ɗaya kaɗan a cikinta. Shekara ɗaya kafin nan, a kan 3G, masu bincike daga waɗannan wurare biyu sun duba manhajar sauraren kiɗa ta Pandora, suka gano cewa 'yan saƙonnin ƙidayar masu saurare da take aikawa lokaci-lokaci, waɗanda ba su wuce kashi 0.2 cikin ɗari na datar ba, su ne ke cin kashi 46 na wutar rediyon. Wayoyin yau sun fi na wancan zamani tsimi, suna iya ɗan gyangyaɗi ko a cikin wutsiyar, amma tsarin yana nan. Abin da ke cin caji shi ne sau nawa aka tashi rediyo, fiye da nauyin kayan da aka ɗora masa. Shi ya sa bidiyon Asabar bai kashe wayar ba: yana sauke babban gutsure a sabis mai kyau cikin ɗan lokaci, ya bar rediyo ya huta har a cinye shi.

Muka buɗe shafin da ke nuna manhajojin da ke cin data a bayan fage. Ga na sayayya guda biyu da ta daɗe ba ta buɗe ba, ga na hasashen yanayi, ga wani wasa na kyauta da ɗanta ya sa, ga imel guda biyu, ga ajiyar hotuna da aka bar ta tana ɗora kowane sabon hoto ta datar layi. Wannan na ƙarshen ya ba ni takaici, domin kowace takardar da ta ɗauka sau biyu ake tura ta, ɗaya ga mai nema, ɗaya ga ma'ajiyar intanet, duk daga ƙarƙashin ƙasa. Game da wasan kuwa, wani binciken Jami'ar Purdue da Microsoft na 2012 ya nuna cewa a wasu manhajojin kyauta da aka gwada, kashi 65 zuwa 75 na wutar da suke ci a harkar talla take tafiya.

Android na da nasa maganin. Tun fitowa ta 6.0 a 2015 akwai tsarin Doze, wanda in waya na ajiye ba a motsa ta, fuskarta a kashe, yake tara buƙatun manhajoji ya sake su tare lokaci-lokaci. Sai dai yana barin saƙon gaggawa ya wuce, kuma ƙanwata tana cikin zauren saƙonni na ma'aikata wanda ba ya minti biyar shiru. Kowane "an gani" da wani ya rubuta a sama, sai ya tashi rediyon da ke durowa, ya yi gaisuwa da iyakar muryarsa, ya tsaya wutsiya.

Layi na biyu da alamar 5G

Kashi 12 na rana ta biyu, wadda data ke kashe, layinta na biyu ne ya fi ɗaukar alhakinsu. Na wani kamfani ne daban, kuma a ɗakin nan ko sanda ɗaya ba ya samu. Wayar da ta rasa sabis ba ta haƙura, sai ta riƙa bin mitoci ɗaya bayan ɗaya tana nema, ta ɗan huta, ta sake. Layin farko kuma yana ta kai-komo tsakanin 4G da 3G, kowane sauyi sai ya sanar da kamfani inda yake.

Na kuma lura a kan matakala alamar 5G tana leƙowa tana ɓacewa. Yawancin 5G da aka fara shimfiɗawa tun 2019 a kan 4G ya jingina, wato wayar tana riƙe da 4G a matsayin ginshiƙi, sannan ta ƙara 5G a kai, hanyoyi biyu lokaci guda. Kuma mitar da aka fi amfani da ita, wajen 3500 MHz, ba ta ratsa bango kamar 800 ko 900. Masu ƙera waya sun san da wannan nauyi. Da Apple ya fitar da iPhone 12 a 2020, wayarsa ta farko mai 5G, ya sa mata tsarin da ke komar da ita 4G da kanta in saurin 5G ba zai ƙara komai ba, don a tsimi batir. A wurin da 5G ke da ƙarfi, yakan gama aiki da wuri ya bar rediyo ya kwanta. A bakin iyakarsa ne yake zama asara.

Abin da muka yi, da inda na yi kuskure

A can saman bangon ɗakin akwai wata 'yar taga, daidai da ƙasan waje. Na hau kujera na ɗora wayar a bakinta: -97. Maki 20 sama da durowa, wato ninki ɗari, ba tare da an taɓa saiti ko ɗaya ba. Daga teburinta tana hango wayar, kuma iyafis ɗinta mara waya yana kaiwa. Wannan shi ne gyara mafi girma a duk abin da muka yi.

Sauran ƙanana ne. Layi na biyu ta riƙa kashe shi daga saitin in ta sauka, ta kunna in ta fito. Shirye-shiryen da take saurare ta riƙa sauke su da dare a gida. Ajiyar hotuna aka hana ta aiki sai tana kan caji a gida. Manhajojin da ba ta buƙatar sanarwarsu aka rufe musu data ta bayan fage, waɗanda ba ta buɗewa aka goge. Hotunan takardu, in ba na gaggawa ba ne, ta tara biyar ko shida ta hau saman matakala ta tura su a tashi ɗaya, wutsiya ɗaya maimakon shida. Na kuma hana ta al'adar share duk manhajoji daga jerin waɗanda aka buɗe kowane ɗan lokaci, don ba ta taɓa rediyo, sake tada su daga farko ma wuta yake ci.

Sai kuskuren. Don in hana kai-komon nan tsakanin 4G da 3G, na shiga wani ɓoyayyen shafin gwaji na ɗaure wayar a kan 4G kaɗai. Caji ya yi kyau ranar, amma da yamma ta kira ni ranta a ɓace: mutum biyu sun ce sun neme ta bai shiga ba. An gudu gara an faɗa gidan zago. Dalilin shi ne 4G hanyar data ce zalla, murya ba ta bi ta kanta sai in kamfani da wayar duka suna da tsarin da ake kira VoLTE kuma yana kunne a layin. In babu shi, da kira ya shigo wayar kan sauka 3G ko 2G ta amsa, ni kuma na toshe mata hanyar saukar. Abin da ya jawo duk wannan bincike shi ne kada a neme ta a rasa, sai ga shi da hannuna na sa an rasa ta. A daren na mayar da saitin zuwa zaɓin da ke fifita 4G amma yake barin 3G da 2G, na cire 5G kaɗai, na kuma sa ta tsaya a ɗakin washegari na kira ta sau uku daga waje kafin hankalina ya kwanta. Duk wanda zai taɓa wannan saiti, ya gwada kira daga wata wayar kafin ya tafi.

Inda aka tsaya

Yanzu takan iso gida da kashi 40 da wani abu, a ranar da aka sha tura takardu ya sauka talatin da 'yan kai. Bai kai na ranar hutu ba, kuma ba zai kai ba muddin daga ƙarƙashin ƙasa wayar ke magana da ƙarfen da ke nesa. Cikakken maganin shi ne a sauko da waifai na ma'aikatar zuwa ɗakin, domin na'urar da ke 'yan taku kaɗan daga waya raɗa ta ishe ta, kuma in kamfanin layi ya yarda da kira ta waifai har kiran ma ta nan zai bi. Ta rubuta buƙatar, ta haɗa da lambobin da muka auna, takardar tana gaban shugaban sashensu.

Abu ɗaya da na ja mata kunne a kai shi ne rana. Zafi na tsufar da batirin litiyam, Apple ma ya ce wucewa digiri 35 na iya rage masa ƙarfi har abada, kuma watannin da wayar ta yi tana ɗumi a durowa ba alheri suka yi wa tsohon batirin ba. Tagar tana kallon inda rana ba ta bugunta sai wajen ƙarfe huɗu, don haka da lokacin ya yi takan sauko da ita. Da na koma kai mata saƙo makon jiya, wayoyi huɗu na gani jere a bakin tagar, an shimfiɗa musu wani tsohon fayil a ƙasa, kujerar da ake hawa kuma an bar ta a gindin bangon.